Hannun Mbah Mangun

Kwana huɗu harawar gyaɗa ta yi a shanye a kan duwatsun gonar tudu, in ka hango daga hanya sai ka ce wankin gari guda aka baza. A nan wajenmu, cikin tsaunukan Gunungkidul, ba a rasa wurin shanya. Dutse kam Allah ya ba mu ba awo. Abin da ake rasawa shi ne abin da saniya za ta sa a baki idan ruwa ya ɗauke, domin wata biyar cur ba za ta ga ɗanyen haki ba, sai abin da mai ita ya ɗora mata a kan rumfa tun da kaka. Shanu tara ne a turke a gidan Mbah Mangun, wato dattijo Mangun a harshenmu, farare masu tozo, kuma abincin raninsu duka shi ne wannan da ke shanye a tudu.

Ba a ɗaure harawa a ƙauyenmu sai Mbah Mangun ya sa hannu. Haka muka taso muka gani. Ganye yakan ruɗi mutum, ya bushe ƙayau a sama alhali kara yana riƙe da ruwa a ciki, in ka yi gaggawa ka tara shi a rumfa sai ya ɗauki zafi ya ruɓe. Tsohon yakan tura hannu can ƙarƙashin tari, ya lumshe ido, sannan ya ce "a ɗaure" ko ya ce "sai gobe". Shekara arba'in ba wanda ya taɓa cewa ga inda hannun nan ya yi ƙarya. Mutumin bai yi makaranta ba, bai je Makka ba, ko babur bai iya tuƙawa ba, amma in ya shigo taro sai a matsa masa wuri a gaba.

A sanin Sumilah, 'yarsa, ita kaɗai ta san cewa hannun ya mutu.

Shekara biyu ke nan da ta shigo madafa wata safiya ta tarar ya sauke butar shayi daga kan murhu. Ba ta mariƙi ya kama ta ba, cikinta ya runguma da tafin hannu, yana tsiyayawa a kofi yana ba ta labarin wata karsana da ta ƙi cin dusa. Sai da ta ji ƙaurin fata ta yi ihu. Ya dubi tafinsa, ya dube ta. Likita a garin Wonosari ya ce ciwon suga ne ya cinye jijiyoyin. Yatsun za su yi motsi, za su riƙe abu, amma zafi da sanyi da danshi duk sun zama ɗaya a wurinsu. A motar dawowa, da suka hango rufin masallacin ƙauye, tsohon ya juyo gare ta.

"Nduk," ya ce, yadda yake kiranta tun tana rarrafe, "kada yayanki ya ji."

Ba ta tambayi dalili ba, don ta san shi. Yayan nata, Wagiran, tsakar gida ɗaya suke, nasa ɗakin yana jikin na uban. Ya daɗe yana cewa a sayar da waɗannan tsofaffin shanun a kawo bijimai 'yan waje masu saurin ƙiba, a daina wahalar hawa tudu. Bakinsa ya fi tsayawa a kan Menur, tsohuwar saniyar da ta haifi rabin garken, wadda rabonta da ɗaukar ciki shekara uku, amma kullum safiya Mbah sai ya ba ta ɓawon ayaba da kansa yana yi mata hira. Abin da ke taka wa Wagiran burki shi ne hannun nan da gari ke girmamawa. Ranar da aka ce ya mutu, an gama. Tsoho zai koma kujerar baranda, a riƙa gaishe shi da ladabi ana wucewa, ba mai ƙara tambayarsa komai.

Sumilah kuwa mijinta ya rasu shekara tara da suka wuce, ba ɗa ba jika, ta dawo gidan ubanta ta kama lauje. Sai ta zama hannunsa. Duk gonar da aka kira shi, tana biye da shi riƙe da gorar ruwa. Za ta sunkuya kamar mai tsintar gyaɗar da ta zube, ta zura hannu a tari. In ta bushe, sai ta cire malfarta ta yi fifita. In da saura, ta bar malfar a kai. Shi kuma ya zo ya tura nasa hannun, ya lumshe ido, ya faɗi abin da malfa ta faɗa. Kaka biyu suna haka ba a samu kuskure ko ɗaya ba, har wani lokaci su haɗa ido a hanyar gida su yi dariya kamar yaran da suka saci mangwaro.

Ranar gayyar gidansu, tana ɗaura malfa ke nan Wagiran ya tsaya a ƙofar madafa.

"Milah, yau ke ce a tukunya. Ƙafar Ngatini ta kumbura, ko tsayuwa ba ta iyawa." Ngatini matarsa ce. "Mutum goma sha huɗu za su ci."

"To Mas," ta ce, yadda ake kiran yaya, "bari in leƙa tudu tukuna. Yanzun nan zan dawo."

"Ki leƙa me? Harawar ƙafa gare ta?"

"Shekaranjiya fa an yi yayyafi a can."

"Yayyafin da bai kashe ko ƙura ba. Pak yana nan, ina nan. Ko kin fi Pak sanin harawa ne?"

Ubansu yake nufi, don Pak, wato baba, ake kiran uba da kowane magidanci a wajenmu. Sumilah ta leƙa waje ko za ta ga uban ta ce masa ya jira ta, ashe tun da aka idar da sallar asuba maƙwabcinsu Pak Lasiyo ya ja shi sun yi gaba. Ta koma ta hura wuta. Ta turara dambun rogo, ta yi miyar ɗanyen barkono da madarar kwakwa, ta soya tempe, wato curin waken soya, faranti uku, hannunta na aiki zuciyarta na tudu. Ta yi ta gaya wa kanta cewa zai yi dabara. Zai ce rana ba ta ɗaga ba, zai ce a sha shayi tukuna. Mutumin da ya yi shekara saba'in da ɗoriya a duniya ba zai rasa yadda zai ja lokaci ba.

Da hantsi ta goya kwandon abinci ta kama hanya. Tun daga gindin tudu ta fara gamuwa da su suna saukowa, kowa da sanda a kafaɗa, dami biyu na lilo gaba da baya. Ashe har an ce a ɗaure.

"Ga Sumilah da abinci!" Pak Lasiyo ya yi kira da ta iso. "Jama'a ku yi sauri, kada Ngadiyo ya riga mu. Wannan in ya zauna ko cokali ba ya bari."

"Ni da na sauke dami goma?" in ji Ngadiyo. "Kai fa? Tun safe dami ɗaya kake ɗaurewa, sai ka ce amarya kake shiryawa."

"Ai shi ya sa nawa ba ya kwancewa a hanya. Naka jiya sai da kaji suka raka ka har gida."

Aka kwashe da dariya, aka zagaye kwandon. Sumilah ta zuba wa kowa, sannan ta koma gefe ta sunkuya kusa da wani tarin da ba a ɗaure ba. Saman ya yi ƙayau, yana kakkaryewa. Ta tura hannu har gwiwar hannu. Can ƙasa, inda karan ya kwanta a kan dutse, ta ji wani sanyi-sanyi kamar bayan tulu. Ta matsa wani tarin, shi ma haka. Kwana ɗaya tak harawar take nema, a juya ta a bar wa rana.

"Mbah ko minti bai yi ba," Pak Lasiyo ya ce mata da baki cike. "Yana sa hannu ya ce a ɗaure. Allah dai ya bar mana Mbah."

Ta ɗaga kai. Uban yana zaune a kan dutse, an sa masa kofin shayi a gefe, fuskarsa a sake kamar ranar salla. Ta tsaya daidai inda zai gan ta, malfa a kai, ta ƙi cirewa duk da gumin da ke bi mata wuya. Ya dube ta sau ɗaya ya kau da kai, ya shiga ba Ngadiyo labarin farin da aka yi yana saurayi.

Da wani wuri ne da sai a ce ta buɗe baki kawai ta faɗa. A wajenmu ba a gyara wa babba magana a gaban mutane. Ko gidanka ne ke ci da wuta, in dattijo ya ce hayaƙin shara ne sai ka ce haka ne, sannan ka zagaya ta baya da guga. Balle mace, balle 'ya, balle a gaban maza goma sha huɗu waɗanda shi ya koya wa yawancinsu riƙon lauje. Sumilah ta tattara farantai. Kafin la'asar an kwashe tudu tas, an jera dami ɗari da wani abu a rumfar da ke saman turke, an danne su sosai don su shige, yadda aka saba.

Da yamma ta same shi shi kaɗai wajen shanu yana zuba musu ruwa da ɗan gishiri.

"Pak, harawar da saura."

Bai juyo ba. Ya ci gaba da shafa wuyan Menur.

"Me ya sa ba ka jira ni ba?"

"Na ja su da hira har na gaji. Lasiyo ya ce, Mbah ga tari. Duk suka tsaya suna kallona. In ce musu me? In ce a jira 'yata ta gama suya?"

"Da ka ce sai gobe. Ba wanda zai ce don me."

"Na dubi ganyen, na ga ya yi. Na so in ce sai gobe, Nduk. Sai na ji kamar ina jin ta. Wallahi na ji kamar ta bushe a yatsuna, irin na da."

Tausayinsa ya kama ta. Ta ce a sauke gobe da sassafe a baza a tsakar gida, yini ɗaya ya isa.

"A tsakar gida? A bakin hanya? Jiya na ce a ɗaure, yau in baza?" Ya girgiza kai. "Rumfar nan iska na ratsa ta. Sanyin da yawa ne?"

"Ba yawa."

"To ki bari. Iska za ta ƙarasa. Na roƙe ki."

Ubanta bai taɓa roƙonta komai ba sai sau biyu, kuma duka a kan hannun nan ne. Ta ce to. Ba don ta yarda da maganar iska ba, ita da ta san yadda aka danne damunan. Ta ce to ne don ba za ta iya kallon idonsa ta ce a'a ba, kuma wannan laifin nata ne, ba ta taɓa ɗora wa kowa ba.

Aiki bai tsaya ba. Akwai karan masara da za a sare a jingine, akwai rogo da za a fere a shanya, ga kashin shanu da za a kwashe a kai gona kafin ƙasa ta yi tauri. Kullum da safe Sumilah sai ta tsaya a ƙarƙashin rumfa ta shaƙi iska. Kwanakin farko ƙamshin harawa ne mai daɗi. A kwana na biyar ya koma wani zaƙi-zaƙi irin na taba. Ta san ma'anarsa, ta ce wa kanta ba ta sani ba. Sau biyu tana jingina tsani, sau biyu tana hango uban a baranda yana kallonta, ta mayar da tsanin ta ɗauki tsintsiya. Wagiran yana wucewa ta wurin sau goma a yini bai taɓa ɗaga kai ba. A wajen cin abinci hira ta ragu, sai ƙarar cokali da tarin Mbah.

Ranar Juma'a, kwana goma sha biyu da gayya, maza suka tafi masallaci gida ya yi tsit. Ta jingina tsani ta hau. Ta janye damin farko ta tura hannu tsakiya, ba shiri ta fizgo shi. Zafi ne kamar cikin tukunyar dambu. Ta ja dami na biyu, na uku, sai tururi ya taso da wani wari mai hawa kai. Ciki ya yi baƙi ya jiƙe, fumfuna fara ta lulluɓe shi, ganyen yana narkewa a hannu.

Ta zauna a bakin rumfar, ƙafafu na lilo, tana kallon bayan shanu tara a ƙasa suna tuƙa hankali kwance. Daga nan ta miƙe ta fara jefa damuna ƙasa. Tana jefawa tana kuka, ƙurar fumfuna na shiga mata ido da maƙogwaro, ba ta tsaya ba. Ta sauko ta yanyanke igiyoyin da lauje ta baza a tsakar gida, tun daga bakin turke har bakin hanya.

Hanyar masallaci ta ƙofar gidansu ta bi. Maza suka fara dawowa biyu-biyu, uku-uku, da hulunansu da darduma a kafaɗa. Warin ya tare su tun daga nesa. Ba wanda ya toshe hanci, ba wanda ya tsaya.

"Ana shanya, Milah?" in ji Pak Lasiyo, idonsa a kan takalminsa.

"Ana shanya, Pak."

"Madalla. Ranar kuwa tana da kyau."

Mbah Mangun ne ya zo daga ƙarshe, Wagiran na bayansa. Tsohon ya tsaya a bakin hanya ya dubi tsakar gidansa baƙi ƙirin. Hannu ne ya mutu, hanci yana nan. Ya bi ta gefe a hankali don kada ya taka, ya cire takalmi, ya shiga ɗaki ya ja ƙofa.

Wagiran ya tuɓe rigar Juma'a ya rataye, ya zo ya tsuguna ya fara tsince mai kyau daga ruɓaɓɓe. Mai kyan damunan gefe ne kawai, waɗanda iska ta taɓa, ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu ba.

"Ka samu abin da kake so," ta ce, murya ƙasa-ƙasa don kada a ji a ɗaki.

"Me nake so?"

"Kada ka mayar da ni yarinya, Mas. Kai ma ka ɗauki dami ranar nan. Kana da hannu."

"Na ji sanyin tun a dami na farko." Ya jefa wani baƙin kara gefe. "Lasiyo ya ji. Ngadiyo ya ji. Mutum goma sha huɗu, duk mai hannu ya ji."

"Kuka yi shiru."

"Ke kin yi magana?"

Ta sunkuyar da kai.

"Kin ɗauka wayo kuke yi ke da shi? Ki cire malfa ya ce a ɗaure, ki bar malfa ya ce sai gobe. Tun bara kowa ya gane. Matar Lasiyo ce ta fara lura. Mutane malfarki suke kallo, Milah, sannan su jira shi ya lumshe ido ya faɗa, su ce Allah ya bar mana Mbah. Ba wanda zai gaya masa, ba wanda zai gaya miki."

Sumilah ta ji kamar an tuɓe ta a kasuwa. Shekara biyu tana ɗauke da wannan abu ita kaɗai, tana jin nauyinsa har a barci, ashe gari ne gaba ɗaya ke taya ta ɗauka ba ta sani ba. Kunya ta zo, bayanta fushi ya biyo.

"Ka sani, kuma ka tura ni madafa. Ngatini da ka ce ƙafarta ta kumbura, washegari na gan ta a bakin tafki tana wanki."

Wagiran bai musa ba. Ya daɗe yana juya wani kara a hannu. Mutum ne mai shekara hamsin, furfura ta fara masa, amma da ya yi magana sai muryar ta fito ƙarama.

"Ina tsaye kusa da shi, kafaɗata na taɓa tasa. Na riga na sa hannu a tarin a gabansa don ya gani. Na ce yau babu ke, dole ya waiwayo. Ko da ido ne. Da ya dube ni sau ɗaya, da na girgiza masa kai, ba mai gani." Ya karya karan. "Shekara talatin ina kwashe kashin shanun nan. Ya gwammace ya yi caca da abincin shanu tara da ya tambaye ni."

"Tsoronka yake ji. Gani yake za ka zaunar da shi a baranda."

"Wataƙila da na zaunar da shi. Ban sani ba. Ai bai gwada ni ba."

"To bayan nan fa? Kwana goma sha biyu kana wucewa ta ƙarƙashin rumfar."

"Ina jira ya kira ni ya ce, Le, ɗana, zo mu sauke." Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Ke kina shiru don kina sonsa, ni ina shiru don ina fushi. Je ki tambayi saniya ko ta ga bambanci."

Suka gama tsincewa. Ruɓaɓɓen suka kwashe suka kai bayan gida suka zuba a ramin taki.

Rani ya shigo da ƙarfinsa. Abin da aka tsira da shi, da karan masara, bai kai su ƙarshen wata na biyu ba. Maƙwabta suka yi abin da suka saba, a wayi gari a ga dami ɗaya ko biyu a jingine a bakin turke ba a san wanda ya ajiye ba, amma kowa nasa shanun na jiransa. Sumilah da Wagiran suka koma saran ganyen itatuwa, kullum sai sun ƙara nisa, su fita da sanyin safiya su dawo da azahar da abin da bai kai shanu tara awa guda ba. Tafki ya ja baya ya bar laka mai tsagewa. Haƙarƙarin shanu ya fara fitowa ana ƙirgawa daga baranda, kuma a barandar Mbah yake zama yanzu, ba wanda ya zaunar da shi, shi ya kai kansa. Bai taɓa tayar da maganar ranar Juma'ar nan ba. Sumilah ba ta gaya masa abin da Wagiran ya faɗa game da malfa ba, ta bar masa wannan ɗin.

Wata safiya suna shan shayi ya ajiye kofi ya ce, "Le, ka kira mai motar kasuwar shanu. Huɗu za su tafi, biyar su rayu."

Wagiran ya ce, "Waɗanne, Pak?"

"Kai za ka zaɓa uku." Ya dubi turke. "Ta huɗun Menur ce."

"Ba sai ita ba, Pak. Ba ta ci da yawa."

Sumilah ta dubi yayanta. Shekara uku yana neman wannan ranar, ga shi ta zo yana korar ta.

"Ba ta haihuwa," in ji tsohon. "Kai ka faɗa, kuma gaskiya ka faɗa."

Motar ta zo ranar kasuwa da hantsi. Ba ta iya shigowa lungunsu, sai ta tsaya can bakin babbar hanya, tafiyar da ba ta wuce taku ɗari biyu ba. Wagiran da Pak Lasiyo suka ja ukun farko, da turjiya da tsawa aka tura su kan katako suka hau. Da aka zo kan Menur, Mbah ya sauko daga baranda ya ce shi zai kai ta. Ya kwance ta da kansa, yatsun suna ta kuskuren ƙullin yana bin su da ido har ya samu. Ya naɗa igiyar a hannu ya yi gaba, saniyar ta biyo shi.

Mutane sun fito ƙofar gidajensu, kamar dai iska suke sha. Sumilah tana biye daga baya. Tana jin yana yi wa saniyar magana ba tare da ya waiwaya ba, yana ce mata ta yi a hankali akwai dutse, yana ce mata can inda za ta akwai ciyawa ɗanya.

Daidai ƙofar Ngadiyo igiyar ta warware daga hannunsa ta faɗi ƙasa. Bai ji ba. Ya ci gaba da tafiya, hannun a dunƙule ta bayansa, yana ɗan jan iska. Menur ta tsaya. Ta dubi turken da ta baro, ta dubi bayan tsohon. Sannan ta sunkuyar da kai ta bi shi, igiyar na jan ƙasa a tsakanin ƙafafunta.

Sumilah ta gani. Ngadiyo da matarsa sun gani. Wagiran, da ke tsaye a jikin mota, ya gani, ya buɗe baki ya rufe. Haka suka tafi, tsoho a gaba da hannu a dunƙule, saniya a baya, har gindin katakon.

"Ka gani, Le?" Mbah Mangun ya ce, yana miƙa wa ɗansa hannun da ba igiya a ciki. "Ba a jan ta da ƙarfi. Karɓi, ka riƙe ta a hankali."

Wagiran ya sa hannu biyu ya karɓa.